Babi na Tara: Nazarin Kurakurai a Fayil ɗin Siffa Mai Jiki da Manhajar da ke Zana Shi

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata mun ga yadda malamin Hausa ke nazarin kurakuran da ɗalibansa suka yi a insha'i, da yadda yake rarraba su zuwa na ƙa'idojin rubutu da na ginin jimla da na ma'ana. A wannan babi za mu ɗauki dabarar mu gwada ta a kan wani irin rubutu wanda ba don mutum aka yi shi ba, wato fayil ɗin da kwamfuta ke karantawa ta zana siffa mai jiki a allonta. Abin da muke nufi da siffa mai jiki shi ne zanen da ke da tsawo da faɗi da kauri, wanda za a iya juya shi a ga gabansa da bayansa da ƙarƙashinsa, saɓanin zanen littafi wanda yake a shimfiɗe.

Mai yiwuwa ɗalibi ya ce, to me ya haɗa kifi da kaska? Amsar tana cikin wani abu da na gani a garin Beli na ƙaramar hukumar Rogo, a yammacin jihar Kano, lokacin da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Ɗaya daga cikinsu ya shirya darasi a kan gaɓoɓin furuci ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ya lura cewa zanen nan na kan mutum da aka tsaga biyu, wanda muke ta kwafa a allo tun muna ɗalibai, ba ya shiga kan yara. Suna haddace hanƙa da ganɗa da hanɗa, amma in aka ce su nuna su a bakinsu sai su yi zuru. Don haka ya samo siffar kogon baki mai jiki, ya sake wa sassanta suna da Hausa, kuma da yake yana da ɗan hannu a harshen Python, sai ya rubuta 'yar manhaja da za ta karanta fayil ɗin ta zana shi, yaro ya riƙa juyawa da kansa. Ana gobe darasin, bayan la'asar, ya zo mini da kwamfutarsa hankali a tashe, domin manhajar ta ƙi. Cajin da ya saya a shagon masu cajin waya bai fi na sa'o'i biyu ba, ga shi kuma wannan darasi ne zan ba shi maki a kai.

Kurakurai biyar muka samu kafin magariba. Abin da na taimaka masa da shi kuwa bai wuce tambayoyin da muke yi wa takardar insha'i ba: me aka rubuta, me ake so a rubuta, wace ƙa'ida aka karya, kuma me ya sa?

9.1 Nahawun Fayil

Akwai tsare-tsare da dama na ajiye siffa mai jiki. Wanda ɗalibin ya yi aiki da shi ana kiran sa OBJ, kuma kamfanin Wavefront Technologies na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1980. Ya daɗe ana amfani da shi saboda rubutu ne zalla, kowa na iya buɗe shi ya karanta da idonsa. Akwai kuma STL, na kamfanin 3D Systems, wanda ya fito a 1987, da glTF na ƙungiyar Khronos, wanda sigarsa ta biyu ta fito a 2017.

Kafin mu shiga ciki muna buƙatar kalmomi. Magini in zai fitar da harsashi yakan kafa turaku, ya ja igiya daga wannan zuwa wancan. Haka siffa mai jiki take. Wurin da layuka ke haɗuwa za mu kira shi turke. Na guji kiran sa ɗigo, ko da yake wasu na yin haka, domin muna buƙatar kalmar ɗigo a wajen rubuta lambobi, kuma keɓaɓɓiyar kalma ɗaya ba ta kyautu ta yi aiki biyu a darasi ɗaya ba. Filin da igiya ta kewaye kuwa shi ne fuska. Siffar kogon baki tana da turaku dubbai, don haka bari mu ɗauki ƙaramin misali wanda kowane Bakano ya sani ko da a hoto ne, wato dalar gyaɗa. Tana da turaku huɗu a ƙasa da ɗaya a ƙololuwa, fuskokinta kuma biyar ne: alwatika huɗu da murabba'i ɗaya a gindi. Ga yadda ake rubuta ta:

v 0 0 0
v 2 0 0
v 2 0 2
v 0 0 2
v 1 1.5 1
f 4 3 5
f 3 2 5
f 2 1 5
f 1 4 5
f 1 2 3 4

Kowane layi jimla ce, kuma kalmar farko ita ke faɗin irin jimlar. Layin da ya fara da v yana kafa turke, lambobi ukun da ke biye suna faɗin nisansa zuwa dama da zuwa sama da zuwa gaba. Layin da ya fara da f yana shimfiɗa fuska, amma lambobinsa ba awo ba ne, sunayen turaku ne. A lura da kyau: ba inda aka rubuta cewa wannan shi ne turke na uku. Jerin zuwansa ne ya ba shi suna. Ke nan in layi ɗaya na v ya salwanta a tsakiyar fayil, duk turakun da ke bayansa sun sake suna, kuma duk fuskar da ta kira su ta kira wani daban.

A manyan fayiloli kalmomin da ke bin f sukan zo da ƙira mai sassa uku, kamar 4/7/2. Sashe na farko turke ne, na biyu wurin da za a yanko launi daga hoton da ake lulluɓa siffar da shi, na uku kuma kibiyar da ke nuna inda fuskar ta dosa, wadda da ita ake lissafin haske da inuwa. In babu sashen tsakiya sai a rubuta 4//2. Ɗalibin ilimin ginin kalma ba zai yi mamaki ba, gurbi ne da aka bari fanko amma yana nan. Manhajar da ba ta san da haka ba takan yi ƙoƙarin mayar da fanko lamba, ta tsaya cik.

9.2 Kurakuran Ƙa'idojin Rubutu

Kuskuren farko da muka ci karo da shi a Beli namu ne na gida. Fayil ɗin OBJ ba ya ɗauke da launuka, sai dai ya ambaci sunan wani fayil da ke ɗauke da su, a layin da ke farawa da mtllib. Ɗalibin ya sa wa wannan fayil suna maƙwallato.mtl, da ƙ mai lanƙwasa kamar yadda muka koya masa. Manhajar ta ce ba ta ga fayil ɗin ba, alhali ga shi nan muna kallo. Na ce da shi kada ya gaya mini sunan da ya rubuta, ya sa manhajar ta nuna mana sunan da ita ta karanta. Abin da ya fito shi ne maÆ™wallato.mtl.

Dalilin yana da sauƙi. Kwamfuta tana ajiye rubutu ne a matsayin lambobi, a ƙananan ma'aunai da ake kira bayit. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma wanda shi ne ya mamaye intanet, baƙaƙe irin su k da d da b kowanne bayit ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu yake ci. An rubuta fayil ɗin da UTF-8, ita kuwa manhajar ta buɗe shi da tsohon tsarin Windows na harsunan yammacin Turai, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Sai ta raba ƙ gida biyu, ta karanta rabin farko Æ, rabi na biyu ™. Da ɗ ce, da É da doguwar karan ɗori za a gani. Duk wanda ya taɓa karɓar saƙon Hausa cike da irin waɗannan alamomi, wannan ce cutar. Maganinta kalma ɗaya ce a wurin buɗe fayil, a gaya wa manhaja cewa UTF-8 ne.

Ɗalibin ya so ya bi gajeriyar hanya, ya mayar da sunan makwallato da k marar lanƙwasa. Na hana. Lallai da hakan ya yi aiki a wannan yammaci, amma malamin da zai shiga aji gobe ya ce wa yara baki daban baƙi daban, bai kamata ya zubar da lanƙwasa don na'ura ta yi masa gardama ba. Mun sha wahalar wannan a baya. Kafin tsarin Unicode ya wadata, da fon na musamman ake buga Hausa, irin su Rabi'at wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, kuma sun yi wa harshen hidima ƙwarai. Sai dai irin waɗannan fon aron gurbin wasu alamomi suke yi, shi ya sa in aka buɗe tsohon rubutu a kwamfutar da ba ta da su ake ganin qasa ko }asa a maimakon ƙasa. Yanzu kowane baƙi mai lanƙwasa yana da lambarsa ta dindindin, uzurin ya ƙare.

Akwai wasu kurakurai biyu na wannan aji waɗanda ba mu gamu da su ba a ranar, amma suna nan tafe ga duk mai wannan aiki. Na farko shi ne tazara. Tsarin OBJ da tazara yake raba kalmomi, don haka sunan fayil irin kogon baki.mtl manhajoji da yawa sunaye biyu za su ɗauke shi. Na biyu shi ne ɗigon lamba. A Nijeriya muna rubuta 1.5, a Nijar kuwa, bisa al'adar Faransanci, 1,5 ake rubutawa da waƙafi. Wasu manhajoji kan bi saitin harshen kwamfuta wajen karanta lamba. In aka kai dalarmu kan kwamfutar da aka saita da Faransanci, irin wadda za a samu a Maraɗi ko Damagaram, irin wannan manhaja na iya karanta 1 ta tsaya a bakin ɗigo, ko ta ƙi lambar ɗungurungum. Fayil ɗaya, manhaja ɗaya, ta yi aiki a Kano ta ƙi a Maraɗi.

9.3 Kurakuran Ginin Jimla

Da muka wuce matsalar suna sai manhajar ta sake tsayawa, wannan karon tana cewa an nemi abin da ya wuce ƙarshen jeri. Wannan shi ne mashahurin kuskure a wannan fanni, kusan kowane mai koyo sai ya faɗa masa. Fayil ɗin OBJ daga 1 yake fara ƙidayar turaku, kamar yadda mutane ke yi. Python da C da JavaScript kuwa daga 0 suke fara ƙidayar gurabun jeri. Turaku biyar na dalarmu suna zaune ne a gurbi na 0 zuwa na 4. In fayil ya ce f 4 3 5, manhaja kuma ta ɗauki lambobin yadda suke, za ta je gurbi na 4 ta ɗauko ƙololuwa a maimakon turken gindi, ta je gurbi na 3 ta ɗauko turke na huɗu, ta je gurbi na 5 ta tarar babu kowa. Gyaran shi ne a cire 1 daga kowace lamba.

Ɗalibin ya yi sa'a da Python ta yi magana. A harshen C babu mai tsaron ƙofa, manhaja za ta karanta duk abin da ta tarar a ma'ajiya bayan ƙarshen jerin ta ɗauke shi turke, sai a ga wani dogon tsini ya fita daga siffar ya nufi gefen allo, ko kuma manhajar ta mutu, yau haka gobe haka. Kuskuren da ya yi ƙara ya fi wanda ya yi shiru sauƙin kamawa, kamar yadda yaron da ya yi tambayar da ta karkace ya fi wanda ya gyaɗa kai sauƙin taimako.

Ita ma wannan cirewa tana da tarko. Tsarin OBJ ya yarda a kira turke da lamba mai alamar ragi: -1 na nufin turken da aka kafa na ƙarshe kafin wannan layi, -2 wanda ya gabace shi. Aikinsu ɗaya da wakilin suna, wanda ba a sanin wa yake nufi sai an waiwayi abin da aka ambata a baya. Wanda ya cire 1 daga -1 zai sami -2, Python kuwa tana karɓar irin wannan lamba ba musu, ta ƙirgo daga ƙarshen jeri ta miƙo turken da ba shi ake nufi ba. Ba saƙo, ba tsayawa, sai dai siffa ta fito a murɗe. Wato ƙa'idar da aka koya daidai ce, amma an shimfiɗa ta inda ba ta kai ba, irin abin da yaro ke yi in ya koyi cewa jam'in mota motoci ne, sai ya ce jam'in mace macoci ne.

Kuskure na uku ya bayyana da zarar siffar ta fito: ganɗa da harshe duk ramuka, kamar ƙyallen da gara ta ci, kuma kowane rami alwatika ne. Siffar ramin ita ta tona asiri. Na'urar zane ta kwamfuta da alwatika take aiki, shi kuma ɗalibin ya ɗauka kowace jimlar f kalmomi uku take da su, ya rubuta manhajarsa ta ɗauki ukun farko ta watsar da saura. Amma wanda ya ƙera siffar da fuskoki masu kusurwa huɗu ya yi aiki. A dalarmu, layin f 1 2 3 4 zai ba da alwatika 1 2 3 kawai, rabin gindi ya ɓace. Abin yi shi ne a tsaga murabba'in biyu, 1 2 3 da 1 3 4. Fuska mai turaku biyar alwatika uku za ta bayar, mai shida ta ba da huɗu, muddin ba ta da lungun da ya lotsa ciki.

9.4 Kurakuran Ma'ana

Jimla na iya cika dukkan ƙa'idojin nahawu amma ta faɗi abin da mai ita bai nufa ba. A nan manhaja ba za ta taɓa yin ƙorafi ba, ido ne kaɗai alƙali.

Siffarmu ta fito cikakkiya, amma a kwance, baki na kallon rufin ɗaki. Lambobi ukun da ke bin v ba su faɗi da bakinsu wace ce ta sama ba, yarjejeniya ce tsakanin marubuci da mai karatu. A manhajar Blender, wadda ake samu kyauta tun 2002, lamba ta uku ce ke nuna sama. A tsarin glTF, da kuma manhajar ɗalibinmu, ta biyu ce. Gyaran shi ne a musanya ta biyu da ta uku, sannan a juya alamar ɗaya daga cikinsu, mai ƙari ta koma mai ragi. Wanda ya musanya bai juya alama ba zai ga siffar ta miƙe, ya yi murna, alhali ya mayar da ita hoton madubi, dama ta koma hagu.

Na biyar shi ne wanda ya fi cin lokacinmu, kuma shi na fi so ɗalibai su riƙe. Siffar da ɗalibin ya samo ba ta da beli, wato ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen hanɗa. Hausa ba ta da sautin da ake furtawa a wurin, amma alama ce mai kyau ta gane inda hanɗa ta ƙare, kuma yaran da ke karatun tajwidi sun san yankin a wajen furta wasu baƙaƙen Larabci. Don haka ya ƙara shi da hannunsa, 'yan alwatika kaɗan a shimfiɗe. Ga layukan a cikin fayil, manhaja ta ƙirga su, amma a allo babu beli. Ya dube ni ya ce, “Malam, sai ka ce wanzami ya riga mu.” A garin Beli kuma. Muka yi dariya, amma caji na tafiya.

Na ce ya juya siffar a hankali mu leƙa ta wajen maƙogwaro. Sai ga beli ya bayyana. Ya dawo da ita gaba, ya sake ɓacewa. Abin da ake gani ta baya ba a gani ta gaba, lallai an ɗauki gabansa a matsayin baya. Bayanin shi ne kowace fuska tana da waje da ciki, kuma jerin turakunta ne ke bambanta su. Bisa al'adar OpenGL, wanda kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992, in mai kallo ya ga turaku suna zagayawa saɓanin tafiyar hannun agogo, wato irin zagayen ɗawafi, to wajen fuskar yake kallo. Don rage aiki, ana iya umartar na'ura kada ta zana fuskar da ta ba mai kallo baya, kuma ɗalibin ya kunna wannan umarni. Shi kuwa belin ya jera turakunsa ne bisa tafiyar agogo. A dalarmu, f 4 3 5 da f 3 5 4 abu ɗaya ne, domin zagayen bai sauya ba, amma f 3 4 5 ta juya fuskar ciki. Kalmomi ɗaya, jeri daban, ma'ana ta kife, tamkar Audu ya kira Bala da Bala ya kira Audu.

Akwai kuma allon da ke fitowa baƙi ƙirin ba komai. Sau da yawa siffar tana nan, girmanta ne bai dace ba. Fayil ɗin OBJ da na STL ba sa faɗin ko lambobinsu mita ne ko milimita, glTF ne ya ƙayyade mita. Siffar da aka auna da milimita aka karanta da mita ta ninka sau 1000, mai kallo yana tsaye a cikinta bai sani ba. Kafin a taɓa komai, a sa manhaja ta faɗi lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma a kowace fuska uku ta awo.

9.5 Hanyar Bin Sawun Kuskure

Masanin harshe S. Pit Corder na Jami'ar Edinbara, a maƙalarsa ta 1967 kan muhimmancin kurakuran mai koyo, ya bambanta tuntuɓen harshe, wanda mai magana zai iya gyarawa da kansa in an ja hankalinsa, da kuskure na haƙiƙa, wanda ke fitowa daga wata ƙa'ida da mai koyo ya gina a kansa. Irin na biyu shaida ne, yana nuna wa malami abin da ɗalibi ya ɗauka gaskiya ne. Kurakuran Beli duk irin na biyu ne. Kowannensu zato ne da ɗalibin ya yi ba tare da ya san ya yi ba: harafi bayit ɗaya ne, ƙidaya iri ɗaya ce, fuska turaku uku ce, sama sama ce a ko'ina, jeri ba shi da tasiri.

Saboda haka ne ban gamsu da masu fassara sunan wannan matsala da ƙwaro ba. Gaskiya ne kalmar Ingilishin ma'anarta ke nan, kuma akwai labarin faɗa-wutar da ma'aikatan na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard suka ciro daga cikinta ranar 9 ga Satumba 1947 suka manna a littafin aiki, labarin da Grace Hopper ta yayata, ko da yake injiniyoyi na amfani da kalmar tun kafin nan. Amma ƙwaro daga waje yake shigowa, kuma Bahaushe in ya ji ƙwaro magani zai nema ya fesa. Kuskure kuwa yana da mai shi. Mu ce kuskuren manhaja, aikin kuma mu ce bin sawun kuskure.

Matakin farko shi ne a san wa ke da laifi, fayil ko manhaja. Mai nazarin harshe in ya yi shakkar jimla yakan kai ta ga ɗan asalin harshen. A nan ɗan asalin harshe shi ne manhajar da aka daɗe da amincewa da ita, kamar Blender. In ta buɗe fayil ɗin lafiya, a koma kan manhajar gida. In ita ma ta nuna ramin, a bar manhaja ta huta. Butar shayin nan da Martin Newell ya auna a Jami'ar Yuta a 1975, wadda ta zama abin gwajin masu wannan sana'a, asalinta ba ta da gindi, don haka wanda ya leƙa ƙarƙashinta ya ga rami ba manhajarsa ce ta yi ba.

Na biyu, a ƙanƙanta misali. Ba a bin sawu a cikin turaku dubbai. Dalar gyaɗa mai layi goma, wadda na rubuta wa ɗalibin a bayan takardar shirin darasinsa, ita ta tabbatar mana da kuskure na biyu da na uku, domin muna iya lissafa da ka abin da ya kamata ya fito. Na uku, a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Da haka muke tabbatar da ƙwayar sauti: kara da ƙara sun bambanta a wuri ɗaya, shi ya sa muka san bambancin ma'anar daga nan yake. Wanda ya gyara wuri uku a lokaci ɗaya, ko abin ya yi aiki, bai san wanne ne maganin ba. Sannan a riƙa ƙirga. Layukan v nawa ne a fayil, turaku nawa manhaja ta ce ta karanta? Tsarin STL ma yana da nau'in da ba a iya karantawa da ido, amma lissafinsa a fili yake: bayit 80 na kai, 4 na adadin alwatika, sannan 50 ga kowace alwatika. In nauyin fayil bai yi daidai da wannan ba, to ya yanke a hanya ko kuma ba irinsa ba ne.

Washegari darasin ya gudana. Yara sun yi layi suna juya siffar, wata yarinya kuma ta furta ka da ta a jere, ta ce ta ji bayan harshenta ya taɓa wurin da aka nuna mata a ta farko, a ta biyu kuma tsininsa ne ya tashi. Na rage wa ɗalibin maki biyu duk da haka, domin kwamfuta ɗaya ce ga aji guda, kuma bai tanadi abin da sauran za su riƙa yi ba kafin layi ya zo kansu.

9.6 Aiki

1. Kwafi fayil ɗin dala a littafinka, ka zana turakun biyar a takarda. Goge layin v na biyu, sannan ka bayyana abin da zai sami kowace fuska.

2. Sake rubuta layin f 1 4 5 ta hanyoyi biyu da ba su sauya ma'anarsa ba, da hanya ɗaya da ta juya fuskar ciki. Kawo jimlolin Hausa biyu da sauya jerin kalmomi ya sauya ma'anarsu.

3. In aka tsaga gindin dala aka ajiye ta a nau'in STL da aka yi bayani a 9.5, bayit nawa fayil ɗin zai ci?

4. Kalmar ɓaɓɓaku bayit nawa ce a tsarin UTF-8? Haruffa nawa manhajar da ta yi kuskuren 9.2 za ta ƙirga a cikinta?

5. An zaɓi turke an bar ɗigo. Kawo wata kalma daga sana'ar gini ko saƙa ko ɗinki a garinku wadda kake ganin za ta iya wannan aiki, ka kare zaɓinka a sakin layi ɗaya.

6. Ɗauki takardun insha'i biyar na ajin da kake gwajin koyarwa, ka fitar da kuskure ɗaya da ya maimaitu, ka rubuta ƙa'idar da kake jin ɗaliban sun gina a kansu har ta haifar da shi.